Rami a Ƙashin Jikata

Ta yaya rami ke shiga cikin ƙashin da babu abin da ya huda shi? Na tambayi likita, ya ce su ma ba su gama sanin dalili ba. Na tambayi Malam, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ce in bar wa Wanda ya yi ƙashin. Har yau ban sami amsa ba. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa. Ina faɗa ne autata tana rubutawa, in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira ni. Na ce mata kada ta gyara mini magana, ta sa ta yadda ta fito.

Yarinyar jikata ce, ɗiyar ɗana na biyu. Yaye aka kawo ta wurinmu daga Kaduna, inda iyayenta suke, ta ƙi komawa, mu ma ba mu matsa ba. A Kpakungu muke, a babban gidan haya mai ɗakuna a jere da rijiya ɗaya a tsakiya. Malam kafinta ne, rumfarsa tana bakin titi. Mahaifinsa aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna, shi kuma nan aka haife shi, nan ya tsufa. Tsakaninsa da yarinyar nan wasa ne kullum. Yana ce mata amarya, tana ce masa angon da ba shi da haƙora.

Ba ta kai shekara goma ba lokacin da tari ya kama ta da damina. Ya ƙi tafiya, sai muka kai ta asibiti, aka ce a ɗauki hoton ƙirji. Ƙirjin lafiya lau, tarin ma daga baya magani ya kore shi. Amma likitar da ta duba hoton ta ɗora yatsa a can gefe, wajen kafaɗar dama, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ta ce a sake ɗaukar hoto, na hannun kaɗai, mu kai wa likitan ƙashi.

Likitan ƙashi ɗan ƙaramin mutum ne, ba ya gaggawa. Ya maƙala hoton a jikin wani allo mai fitila a ciki, ƙashin jikata ya fito fari, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Can sama kusa da kafaɗa akwai wani wuri mai kamar ƙwai, launinsa ba irin na sauran ƙashin ba. Ya ɗauko rula irin wadda ake gani ta cikinta, ya auna tsawon wurin, ya auna faɗinsa. Ya sauko ƙasa inda ƙashin yake lafiya, ya auna kaurinsa. Ya koma sama ya matso da fuskarsa, ya auna ɗan siririn farin layin da ya rage a gefen ramin. Sannan ya auna daga bakin ramin zuwa wani layi kusa da kafaɗa. Duk wanda ya auna sai ya rubuta, ya danna waya, ya sake rubutawa.

Malam yana tsaye yana kallo, hularsa a ƙeya. Da ya ga an ajiye rula sai ya ce, "Likita, gara ce? Don haka take wa katako, waje sumul, ciki fanko."

Likita ya yi dariya. Ya ce, "Ba gara ba ce, Baba, ruwa ne a ciki. Kuma ga dukkan alamu ba mugun ƙari ba ne, ku kwantar da hankalinku ta wannan wajen. Yara da yawa suna da shi, in sun girma ya cike da kansa. Abin da nake aunawa shi ne ko bangon da ya rage zai iya ɗaukar nauyi kafin ya cike."

Na ce, "To zai iya?"

Ya ce, "Mama, in ramin ya yi wa kaurin ƙashin yawa, bangon kuma ya zama kamar ɓawon ƙwai, ba ma jira, aiki muke yi. Nata bai kai can ba. Amma bai yi nisa da can ba. Ga shi kuma yana manne da inda ƙashi ke tsiro, irin wannan yakan ƙara girma kafin ya tsaya."

Ya ce ta ci abinci da hannun, ta yi rubutu, ta yi wanka. Amma ban da ɗaga abu mai nauyi, musamman zuwa sama. Ban da lilo a reshe, ban da kokawa, kada kuma kowa ya fizge ta ta hannun. Ya ce mu dawo da wannan hoton, za a ɗauki sabo a gwada su. Ya faɗi wata na boko, Malam ya lissafa ya ce mini bayan ƙaramar salla ke nan.

Yarinyar ta ɗaga hannun ta juya shi. Ta ce, "Ni fa ba ya mini ciwo."

Likita ya ce, "Shi ya sa nake tsoronsa, 'yata. Da yana ciwo da ke da kanki kin kiyaye shi."

A wurinmu ba a tallar ciwon ɗiya mace. Mutane ba sa mantuwa, wata rana in maganar aure ta taso sai wani ya ce ai mai ramin ƙashi ce. Don haka muka dawo gida muka yi shiru. Hoton na sa shi cikin ambulan ɗinsa na takarda, na tura ƙarƙashin katifa. Ita kuma muka ja mata kunne, duk wanda ya ce ta ɗaga abu ta ce an hana ta.

Wanda bai zauna a gida irin namu ba ba zai gane wuyar wannan ba. A tsakar gidanmu yaro na kowa ne. Mace in ta cika bahonta a rijiya, ba ta neman 'yarta, duk yarinyar da ke kusa ita za ta kira ta kama mata ta ɗora a ka. Haka a wurin niƙa, haka a bakin kasuwa. Yarinyar da aka ce zo ki ɗora mini ta tsaya tana kallo, an gama da ita, an gama da gidan da ta fito. Kuma ɗora wa mutum kaya shi ne ainihin abin da likita ya hana, nauyi a hannu, hannu kuma sama.

Maƙwabciyarmu ta ɗakin da ke kallon namu, Maman 'yan biyu muke ce mata, daga kudancin Kaduna suka zo, tana sayar da kunu. Mace mai kirki, mai baki kamar rediyo. Wata rana ina ɗaki na ji muryarta a rijiya.

"Ke, zo ka ɗora mini."

"An hana ni."

"Wa ya hana ka? Hannu biyu lafiya lau! Jiya na gan ka kana cin sakwara da shi, bai hana ka ba. Kai, yaran yanzu!"

Matan da ke wurin suka yi dariya, wata ta ce ai 'yar gaban goshi ce, kakanta ya ɓata ta. Yarinyar ta shigo ta kwanta ta juya mini baya. Ranar ko abinci ba ta ci ba. Sannu a hankali yara suka fara ce mata sarauniya. Masu aike suka daina kiranta, in ta gaishe su su amsa a daƙile.

Ba a daɗe ba, ina dawowa daga kasuwa na bi ta wurin mai injin niƙa. Sai na hango jikata. Wata tsohuwa ce ta kira ta, ta kama gefen babban bahon ƙullu, hannayenta biyu a sama, ta yi ɗage tana turawa. Ban yi ihu ba, don kada ta firgita ta saki. Na tsaya inda nake har bahon ya zauna a kan tsohuwar. Da yarinyar ta juyo ta gan ni sai ta fashe da kuka. Ta ce, "Kaka, tsohuwa ce fa. Yaya zan ce mata an hana ni?"

Ban yi mata faɗa ba. Mu muka koya mata haka tun tana rarrafe.

Da Malam ya dawo na faɗa masa. Ya zauna a kan tabarma. Sannan ya ce, "Ɗauko mini hoton."

Na ce, "Malam, me za ka yi da shi?"

Ya ce, "Abin da ido bai gani ba mutanen gidan nan ba za su yarda da shi ba. Mijin da zai gudu saboda ramin da ya cike, ya fara gudu tun yau. Ni hannun nake so."

Washegari da hantsi, lokacin da mata suka cika a rijiya, ya fito da babban ambulan ɗin. Ya yi sallama, ya zaro hoton, ya ɗaga shi sama ya tare rana da shi. Mata suka juyo.

Ya ce, "Maman 'yan biyu, matso. Kin san wannan?"

"Ƙashi ne, Baba kafinta. Na wa?"

"Na amaryata. Kin ga nan, fari tas, lafiyayye ke nan. To biyo yatsana. Kin ga nan?"

Ta goge hannu a zani ta matso, ta ƙanƙance ido. Sai ta dafe ƙirji. "Yesu! Babu komai a ciki?"

"Ruwa ne. Wannan ɗan layin da kike gani a gefe, shi kaɗai ke riƙe da hannun. Likita ya sa rula ya auna a gabana."

"Shi ne kuka yi shiru? Mama, haba! Na zagi yarinya a banza, Allah ya yafe mini." Ta juya kan sauran matan kamar su suka yi laifin. "Kun gani? Daga yau duk wanda ya sa shi ɗaga ko cokali, ni da shi ne!"

Malam ya ce, "Cokali dai a bar mata, kada ta rame."

Hoton ya zaga hannu hannu. Wata ta ce ashe haka muke a ciki, wata ta ce ita dai ba za ta duba ba, tana da ciki. Mai sayar da kifi ta riƙe shi a juye, 'yan biyu suna ta tsalle suna cewa a nuna musu.

Daga ranar Malam ya mai da abin aiki. Ambulan a hammata, ya je wurin mai injin niƙa ya ɗaga masa a rana. Ya je makarantar boko ya nuna wa malamarsu, ya je Islamiyya ya nuna wa malaminsu, ya ce in ta yi laifi a aiko masa, shi zai karɓi bulalar. Ya je Fadikpe gidan ƙanwarsa, inda yarinyar ke zuwa hutu, ya tara yaran gidan ya nuna musu. Abokan rumfarsa suka riƙa tsokanarsa, wai ya bar kafinta ya koma likitan bakin titi. Ya ce musu shi dai bai karɓi kuɗin kati a hannun kowa ba.

Unguwa ta juya. Yarinyar da aka yi wa sunan sarauniya ta zama abin tsaron kowa. In ta doshi rijiya da ɗan bokiti sai wani ya karɓe. In yara suna guje-guje sai ka ji wata daga cikin ɗaki tana cewa a yi hankali da hannun dama. Har ta gaji, ta zo tana yi mini ƙorafi, wai ko buta aka gan ta da ita sai Maman 'yan biyu ta yi mata ihu.

Bayan ƙaramar salla muka koma. Aka ɗauki sabon hoto, likita ya ce a kawo tsohon. Da ya maƙala shi a allon fitila sai ga shatin yatsu ko'ina, har da na manja. Ya dubi hoton, ya dubi Malam.

"Baba, miya aka ci da shi?"

Malam ya ba shi labari. Likita ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce ba komai, inda yake buƙata yana ganuwa, amma sabon a bar shi ya huta a ambulan. Sannan ya ɗauko rula, dariyar ta tafi. Ya auna tsohon, ya auna sabon, ya sake auna sabon.

Ya ce ramin ya ƙara tsawo kaɗan. Bangon bai ƙara siranta ba, bai kuma ƙara kauri ba. Ya ce, "Zan ba shi dama sau ɗaya kuma. In kun dawo na ga bangon ya ragu, ko ramin ya ƙara faɗi, ba zan jira ya karye ba. Za mu sa ta barci mu zuƙe ruwan mu zuba magani, in bai yi ba mu buɗe mu cike shi." Ya ja kunnenmu kada mu tsallake ranar da ya ba mu, don irin wannan lokacin ne abin ke juyawa, ko ta nan ko ta can.

Ni ban tsorata da maganar aiki ba. Na ga yadda mutumin nan yake aunawa, ba ya ƙari, ba ya ragi don ya faranta mana. Na ce a raina duk abin da rular nan ta ce shi za mu bi.

A tsakanin nan ne ciwo ya kama Malam. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Asibiti suka ce zuciya ce ta gaji, suka ba shi magani, ya ɗan ji sauƙi, ya sake komawa. Ya daina zuwa rumfa. Daga baya ko tashi zaune sai an kama shi.

Nan ne abin ya fi mini ciwo. Duk unguwa an hana a sa yarinyar nan ɗaga kaya, ga shi nauyin da ta fi son ɗagawa yana kwance a ɗakinmu. Da ya motsa sai ta rugo ta miƙa masa hannu biyu. Shi kuma ya maƙale nasa a ƙirji.

"Je ki kira kakarki."

"Ni zan tashe ka."

"Amarya, na fi bahon ƙullu nauyi."

"Ƙarya ne, ka rame, ko kaza ta fi ka."

"To kazar ma an hana ki. Je ki kira tsohuwa."

Ta fita tana kuka, tana cewa angonta ya ƙi ta. Na shigo na tashe shi, na ga shi ma idonsa ya kawo ruwa. Ya ce mini a duniya bai taɓa ƙin hannun da aka miƙo masa ba sai na yarinyar nan. Daga baya ya samo mata aikin da za ta riƙa yi masa. Ita ke masa fifita, ita ke ɓare masa lemo, ita ke gaya masa wanda ya yi faɗa da wa a rijiya.

Ranar komawa asibiti ta zo lokacin sabuwar doya. Da safen nan jikinsa ya yi tsanani. Ko kunun da Maman 'yan biyu ta kawo bai iya sha ba. Ƙanwarsa ta zo daga Fadikpe, autata ma tana nan. Na cire mayafin da na yafa, na ce ba inda za ni, a bari sai wani mako. Autata ta ce ita za ta kai ta. Malam ya girgiza kai. Ya ce ni na ga awon farko, na ga na biyu, ni zan gane in likita ya yi bayani, kuma in aiki za a yi, a gabana ya kamata a faɗa. Muka yi magana kaɗan, na mai da mayafina, na ɗauki ambulan, na kama yarinyar muka fita.

Layi ya yi tsawo a wurin hoto. Sai bayan azahar muka shiga wurin likita. Ya tambayi Baba, na ce yana kwance. Ya jera hotunan uku a allon fitila, mai manja a farko. Ya ɗauko rula. Ni da ban san lamba ko ɗaya ba, tun kafin ya gama na gani da idona, farin layin gefen ya yi kauri, kamar an sake yi masa shafe. Ya auna daga bakin ramin zuwa layin kafaɗa, ya nuna mini tazarar da ta buɗe a tsakani. Ya ce ƙashin ya tsiro ya bar ramin a baya, ramin kuma ya fara tsukewa. Ya ce babu aiki. A ci gaba da kiyayewa, a dawo a sake dubawa, amma wurin da yake tsoro an wuce shi.

Yarinyar ta ce, "Zan iya tashin kakana?"

Ya ce, "Da sauranki. Amma kin kusa."

A hanya ta riƙa maimaita yadda za ta faɗa masa. Tun daga bakin layinmu na ga tabarmi a ƙofar gida, maza a zaune. Maman 'yan biyu ta taho da gudu ta rungume yarinyar ta gefen hagu, ta juya mata fuska. Ni kuma na zauna a ƙasa, nan bakin kwata, da ambulan a hannuna. An ce bayan fitarmu ba da daɗewa ba ya cika, da kalmar shahada a bakinsa, ƙanwarsa tana riƙe da kansa.

Ina kuka har yau, ba na ɓoyewa. Shekarun da muka yi tare sun fi waɗanda na yi a gidan ubana nesa ba kusa ba, kuma ban ga fitar ransa ba. Mutane sun ce da na sani da na zauna. Ni ban taɓa cewa haka ba. Shi ya aike ni, na je, na kuma dawo da abin da ya aike ni nema. Yarinyar yanzu ta zama budurwa, ramin ya cike, likita ya sallame mu. Ita ke ja mini ruwa a rijiya, ita ke daka, duk matar da ta kira ta ta ɗora mata kaya tana zuwa da gudu.

Da safen ranar da Malam ya rasu, da na ɗauki ambulan na kai bakin ƙofa, ya kira ni da hannu. Na dawo na durƙusa, na kai kunnena kusa da bakinsa, don muryar ta yi ƙasa sosai. Na zaci wasiyya zai yi. Sai ya ce, "Ku tafi kada layi ya wuce ku. In za ku hau keke napep, ki sa ta a tsakiya, kada hannun ya leƙo waje."